Barewa da Hankaka a Waƙar Kaka

Wata yarinya daga Gadarif ta ƙasar Sudan ta aiko da tambaya. Ta ce kakarta tana da wata waƙa da take yi idan tana sheƙar riɗi ko tankaɗen garin kisira (burodin dawa na Sudan), ta ɗauke ta a waya ta rubuta baitin da ya fi tsaya mata a rai:

Barewa ta sha ruwa a Maliya,
Ɗanta ba zai tsaya a tafki ba.
Hankaka, sauko daga kan kuka,
Ɗan da kake reno ba naka ba.

Ta ce ita a ganinta barewa kyakkyawar budurwa ce, hankaka kuma alamar rabuwa ko mugun labari. Yayanta kuwa ya ce surutun tsofaffi ne kawai, babu wata ma'ana a ciki. Tana son sanin yadda ake gane abin da waƙa take nufi, da kuma ko akwai littafin da ya tara ma'anar dabbobi da itatuwan da ake ambata a waƙoƙi.

'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika ɗauki muryar tsohuwar nan tun tana iya ɗaga ta. Littafin da kike nema babu shi, in kuma wani ya kawo miki irinsa kada ki ba da kuɗinki. Ba a fassara waƙa irin yadda masu fassarar mafarki suke yi, a ce duk wanda ya ga kaza to kaza ne zai same shi. Dabba ɗaya sai ta zama yabo a bakin wannan, ta zama zagi a bakin wancan. Abin da ke tsayar da ma'anarta shi ne wanda ya yi waƙar, da wanda aka yi wa, da wanda ake son ya ji ya ƙone a ciki. Ke da yayanki duk kun kauce, amma kowa da inda ya taɓo gaskiya.

Na san inda kika samo fassararki, kuma ba laifinki ba ne. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan kunne biyu gare shi. Tun waƙoƙin Haƙiba, tsofaffin waƙoƙin soyayya na Omdurman, mawaƙin Larabci in ya ce barewa, ido da wuya da tafiyar budurwa yake nufi. Hankaka kuma tun a tsofaffin waƙoƙin Larabawa tsuntsun rabuwa ne, in ya yi kuka an san masoya za su watse. Mutanenmu sun daɗe da iya wannan harshe, har daga cikinsu aka sami A'isha Fallatiya, 'yar Kasala, wadda ta yi suna a gidan rediyon Omdurman tun a shekarun 1940, ta rasu a 1974. To amma kakarki da Hausa ta yi waƙarta, kuma ke da kunnen Larabci kika saurara.

Bahaushe idan ya ambaci barewa, gudu ne yake fara zuwa masa. Duba kalmar da ta buɗe layi na biyu: ɗanta. Da zarar an haɗa barewa da ɗanta a wuri ɗaya, babu Bahaushen da zuciyarsa ba za ta ƙarasa masa ba: barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Maganar gado ce, ta ɗa ya biyo iyaye. Wannan ita ce babbar dabarar makaɗanmu maza da mata. Ba kasafai suke kawo karin magana ɗungurungum ba, sai su tsinke shi, su jefo rabi, ko su sake masa kaya, su bar mai sauraro ya cika sauran. Daɗin waƙar ma a nan yake, a wannan ɗan aikin da aka bar miki. Don haka wanda ba shi da jarin karin magana da kirari, ko ya haddace waƙa tun daga farko har ƙarshe, rabinta kawai ya ji.

Sai Maliya. A nan nake son ki tsaya sosai. Bahar Maliya ruwan gishiri ne, sunan ma daga kalmar Larabci ta gishiri ya samo asali, kuma babu barewar da za ta kafa baki ta sha. Idan kika ci karo da abin da ba zai yiwu ba a cikin waƙa, ki san mawaƙi ne yake ɗaga miki hannu yana cewa ki duba ƙasa. Mene ne Maliya a wurin kakanninmu? Ita ce ruwan ƙarshe da ke tsakanin mai tafiya da Makka. Mutane sun baro ƙasar Hausa da ƙafa da jaki, suka ratso Barno da Wadai da Darfur da Kordofan, ana tafiya ana tsayawa a yi noma ko ƙodago a sami guzuri, shekara da shekaru, burin kowa ya isa Sawakin ya hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai masu wucewa da yawa suka sami abin yi suka zauna. Wasu suka gangaro Gadarif noman dawa da riɗi. Da yawansu har suka mutu ba su ce sun zauna ba, cewa suke yi suna kan hanya.

To ki sake jin layin da wannan a zuciyarki. Barewar da ta sha ruwa a Maliya ita ce wadda ta kai, ta ƙetare, ta sauke farali. Tafki kuwa ba sai na gaya wa 'yar Gadarif ko mene ne shi ba, ke da kike ganin hafir, watau tafkin da ake haƙa don tara ruwan sama, yana ja da baya yana zama taɓo kafin shamuwa ta dawo. Ruwa ne na zango, ana sha a gode wa Allah, amma ba nan aka nufa ba. Ni a fahimtata tafkin nan shi ne garin da aka yada zango, wataƙila Gadarif ɗin kanta.

Amma ko a nan hanya biyu ce, kuma takardar da kika aiko ba za ta raba mini su ba. Yana iya zama zuga: uwa tana rarrashin ɗanta tana cewa jininka ba na masu tsayawa a hanya ba ne. Yana kuma iya zama gori: mace tana jifan mijin da ya samu inuwa ya miƙe ƙafa, tana tuna masa cewa ubansa ya kai shi bai kai ba. Kalmomin iri ɗaya ne. Murya ce take bambanta su, da wanda yake zaune a tsakar gida lokacin da ake yi. Ba banza aka ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi ba. A bakin mai ita ne ma take da cikakkiyar ma'ana.

Hankaka ya fi sauƙi, ya kuma fi zafi. Kirarinsa sananne ne: hankaka mai da ɗan wani naka. Layi na huɗu kirarin ne aka warware shi aka mai da shi magana kai tsaye. Babu mutuwa a nan, babu rabuwar masoya. Akwai dai wani mutum da yake riƙe da ɗan da ba shi ya haifa ba, yana tinƙaho da shi, mai waƙa kuma abin yana ci mata rai. Kin san al'adarmu ta riƙo, a ɗauki yaro a ba wa gwaggo ko kishiyar da ba ta samu haihuwa ba, uwa kuma kunya ta hana ta buɗe baki, musamman in ɗan fari ne da ko sunansa ba ta faɗa. Macen da aka rufe wa baki ta wannan hanya, turmi da dutsen niƙa su ne kotunta. Tana aiki tana waƙa, wadda ake yi da ita tana ɗaki tana ji, ba kuma yadda za ta kai ƙara, don me za ta ce? An zagi hankaka? Lura ma da cewa kake aka ce, ba kike ba. Tsuntsun namiji ne a bakin Bahaushe, sai ya zama ƙarin mayafi ga mai jifa. Wannan shi ne habaici, kuma ƙa'idarsa ke nan: kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Kada ki haɗa shi da zambo, ko da yake 'yan uwa ne. Zambo ya fi fitowa fili. Makaɗin fada in yana wasa ubangidansa, sai ya juya kan ɗan sarkin da suka nemi sarauta tare, ya zana shi: tsayinsa, gemunsa, yadda yake naɗa rawani, rowarsa, har duk wanda ke fadar ya gane ko wane ne, ba tare da an kama suna ba. Mu da muka zo daga baya sai mu ji ana ta ambaton wani biri ko wani jaki a tsakiyar yabon sarki, mu rasa me ya kawo su. Mutane ne, suna da gidaje da jikoki. Shi kuma sarki ana kiransa giwa, zaki, bajimi, dutse, hadari, ko babban icce mai inuwa, kamar yadda Gamji ya zame wa Sardauna Ahmadu Bello suna har yau.

Ga inda littafin da kike nema zai kunyata ki. Ki ɗauki kura. A waƙar fada in aka kira mutum kura, an ce masa ɓarawo, matsoraci, mai cin amana. A filin dambe kuwa in makaɗi ya kira ɗan wasa kura, kansa ne zai ƙara girma, don ban tsoronta ake nufi. Makaɗan maza har mutuwa da kabari suke kiran gwaninsu da su, kuma yabo ne tsantsa. Shi ya sa kafin in saurari kalmomi nake fara sauraron kiɗa. Kotso da taushi suna gaya mini a fada nake. Gangar noma tana kai ni gona, dundufa maƙera, kalangu wurin mahauta ko 'yan dambe ko biki, shantu da ƙwarya kuma cikin gida wurin mata. Waƙar kakarki ba ta da kiɗa sai motsin faifai da rariya, wannan kansa ya isa ya nuna cewa maganar cikin gida ce.

Saura kuka. A rubuce, iccen kuka da kukan hawaye haruffa ɗaya ne, a baki ne karin sauti yake raba su. Haka wuya na jiki da wuyar sha'ani, maraya marar iyaye da maraya birni. Duk mai nazarin waƙa daga takarda kaɗai zai yi ta faɗawa wannan rami, don haka ki riƙe muryar da kika ɗauka, ta fi rubutun daraja. A nan icce ake nufi, tunda an ce sauko. Yanzu da ina son in burge ki, sai in ce kuka mazaunin iskoki ce a wurin Bahaushe, ko in ce tabaldin Kordofan ce da ake rarake cikinta a tara ruwa, wadda matafiya suka sha daga gare ta a hanya, in haɗa ta da Maliya da tafki in gina miki gida mai hawa uku. Zai yi daɗin ji. Amma babu abin da ke cikin baitin da ya tsaya wa wannan shaida. Hankaka yana buƙatar wurin zama mai tsawo don a ce masa ya sauko, watau ya rage ɗagawa, kuka kuma ta dace da nauyin layin. Ni a nan nake tsayawa.

Na koyi tsayawar nan ne da kunya. Shekarun baya, kafin yaƙin basasar nan na Sudan ya tarwatsa mutane, na je wani ƙauye a bakin kogi kudu da Sinnar ina tattara waƙoƙin mata. Aka kai ni wurin wata tsohuwa, tana zaune a bakin angarib, gadon igiya, tana gasa bunnin jabana, watau kofi, hayaƙi yana shiga mata ido tana korewa da gefen mayafi. Ta yi mini wata waƙa da ake ta maimaita cewa tulu ya fashe a ƙofar ɗaki, akuya ta yi tsalle ta bar kasko. Ni kuma lokacin ina ji da karatu. Na gyara zama na shiga yi mata bayanin waƙarta: tulu mutuncin 'ya mace ne, fashewarsa abin kunya ne da ya faru kafin aure, akuya kuma saurayin da ya gudu. Ta bar ni na gama tsaf. Sai ta yi dariya har ta ajiye abin gashin, ta ce, “Ɗan nan, tulu ne fa. Tuluna ne sabo, akuyar abokiyar zamana ta fasa shi, ta ƙi biya.” Matan da ke wurin suka kwashe da dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Da zan tafi sai wata jikarta ta rako ni, ta ce mini abin ya fi shekara talatin, akuyar ta daɗe da zama nama, amma har kishiyar ta rasu, duk ranar da aka yi saɓani a gidan waƙar tulu ce take tashi. Ashe ni da na ce akwai magana a ƙasa ban yi kuskure ba, maganar ce na ƙirƙiro tawa na ɗora mata. Tulun gaske ne, sai dai ya daɗe da daina zama tulu kawai, kuma babu yadda za a yi baƙo ya san haka in ba a gaya masa ba.

Wani abin da za ki bincika: wane layi take komawa kansa? Masana waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano, suna kiran babban saƙon waƙa turke, kamar turken da ake ɗaure dabba, ta yi ta zagaye amma ba ta wuce tsawon igiya. Layin da ake maimaitawa shi ne gindi, sauran kuma ɗiya ne da ake ɗorawa ana saukewa. In barewa ce gindi, to waƙar ta asali ce da tafiya, hankaka ɗan jifa ne da aka soka a hanya. In hankaka ne gindi, to faɗan gida ne, barewa kuma hujja ce: ɗan nan jinina ne, duk renon da za ki yi masa halin gidanmu zai biyo. Kin ga da wannan karatun layuka huɗun sun zama magana ɗaya, kuma ni zuciyata ta fi kwanciya da shi. Sai dai kada ki ɗauka dole shekarunsu ɗaya. Ɗiyan waƙa suna yawo daga baki zuwa baki. Mai yiwuwa ne biyun farko ta gaje su daga uwarta, biyun ƙarshe ita ta ƙera su ranar da abin ya ishe ta. Ki kasa kunne ga lafazin: in a wani layi tana cewa yaz zo ko tac ce irin na Sakkwatawa alhali ba haka take magana kullum ba, ko kuma kalmar Larabcin Sudan ta shigo a wani layin ban da sauran, to kin ga ɗinki, kin gane inda sabon ƙyalle ya haɗu da tsoho.

Fassararki ta barewa ba ta mutu gaba ɗaya ba. A waƙoƙin soyayya na zamani da ke zuwa muku a waya daga Kano da Kaduna, inda fure da wata da tauraro suka cika ko'ina, mawaƙan sun aro da yawa daga finafinan Indiya da waƙoƙin Larabci, a can in kika ji barewa kina iya cewa kyau ake nufi. Haka masu bege, in suna maganar ƙishirwa da sha da maye, shauƙin Manzon Allah (SAW) suke nufi, wanda ya ɗauke su a zahiri ya yi musu ƙazafi. Yayanki ma ki ba shi nasa kason: akwai abin da ake sa wa a waƙa don ya cika numfashi kawai, irin su ayye da yaraye da nanaye, duk wanda ya ce zai haƙo musu ma'ana ɓata lokacinsa yake yi. Kuskurensa shi ne da ya mai da waƙar duka yaraye.

Yanzu ki koma wurin Kaka. Kada ki je mata da takarda da biro ki ce mene ne ma'anar barewa, za ta ce miki dabba ce a daji, ta kuma yi gaskiya. Ki bari sai tana aikin, ki ɗauki naki faifan ki zauna kusa da ita, ki karɓa mata. Sannan ki tambaye ta a bakin wa ta fara ji, a wane gari, tana da aure ko tukuna, wa ya fara zuwa Makka a gidanku, da ƙafa ko a mota, ya dawo ko can ya zauna. Tsofaffi ba sa son a tambaye su ma'ana amma suna son a tambaye su mutane, kuma daga labarin mutanen ne barewa za ta fito da sunanta.

Hankaka kuwa, in ta yi shiru ko ta ce ki miƙo mata rariya, ki miƙa mata ki bar zancen. Mai yiwuwa ne wadda aka yi wa waƙar tana nan da rai, ko kuma ɗan da aka rena ɗin shi ne wanda kike durƙusawa kina gaisarwa kowace safiya.